Kwalbar da Na Kai Ƙanƙara

Shekarar da aka yanka wuyan uwarku sau biyu ta ba ni wahala, kuma ba na jin daɗin tuna ta. Daminar ta yi tsawo, kwatar layinmu ta riƙa cika tana shigo mana har ƙofar ɗaki, bayana ya fara ciwon nan da har yau bai sake ni ba, ga mace a kwance tana ƙarewa a kan idona. Ni ba mutumin rubutu ba ne. Allo na yi da 'yar lekol, wato boko, kaɗan, daga nan mahaifina ya miƙa mini wuƙa ya nuna mini teburin fawa a kasuwar New Bell ta nan Duwala, a kansa nake har yanzu. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da kuke yi a gidan nan duk lokacin da aka ambaci asibiti, wai likitoci ne suka lalata gwajin Mama har sai da aka sake yanka ta. Na ji Sani yana faɗa wa matarsa, na ji Auta tana faɗa a waya da ƙarfinta kamar a gabanta aka yi. Ba haka aka yi ba. Ni na lalata shi, da hannuna. Yayarku Balki ta sani, uwarku ta sani, su biyun suka rufa mini asiri. Yanzu kun girma, ku ji yadda abin ya faru.

Wani ƙullutu ne ya fito wa uwarku Hajara a ƙarƙashin kunne, kamar ƙwayar gyaɗa. Ba ta kula shi ba. Lokacin tana tuyar masa a ƙofar gida kowace safiya, kuma kun san halinta, in ba faɗuwa ta yi ba ba za ta ce tana ciwo ba. Ƙullutun ya girma ya kai ƙwan zabuwa, wani ya fito kusa da shi. Da yamma ta yi sai zazzaɓi ya rufe ta, zanen da take ɗaurawa ya fara yi mata yawa. Mun shafa abin da ake shafawa, ta sha rubutu, wata tsohuwa daga Kassalafam ta kawo mata saiwa. Balki ce ta tsaya mana a wuya sai an je asibiti. Tana ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, a lokacin, ɓangaren kimiyya, kuma ita ce bakinmu duk inda ake Faransanci mai yawa, don nawa na kasuwa ne, na kilo da canji. Likitar da muka samu mace ce, 'yar gajeruwa mai tabarau, mutuniyar kudu. Ta taɓa wuyan ta daɗe tana taɓawa, sannan ta ce ba za ta rubuta magani a kan zato ba. Za ta ciro ƙullutu ɗaya a kai labo, wato ɗakin gwaji, a duba abin da ke ciki. Hajara ta saurari Balki har ta gama, sannan ta juyo gare ni.

"Sau ɗaya, Malam. Ka ji ni ko? Ni ba saniyarka ba ce da za a yi ta yanka ana dubawa."

Na ce na ji.

Ranar Juma'a da safe aka yi aikin. Da aka gama, ma'aikaciyar jinya ta fito ta ba ni wata 'yar kwalba da takarda, ta ce in kai labo a can wata unguwa, kada in buɗe. Na ɗaga kwalbar na duba a haske. Shekara talatin ina kallon nama, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ɗan mitsitsi ne, fari-fari da ɗan ja, yana yawo a cikin wani ruwa da warinsa ke shiga ido ko da murfin a rufe. Balki ta zauna da uwarta, ni na fito. Lokacin masallaci ya yi, na ce bari in yi Juma'a tukuna. Ana sallamewa sama ta ɓalle. Kun san ruwan Duwala, masu bensikin, 'yan acaɓarmu, duk suka fake a ƙarƙashin rumfuna, ba wanda ya yarda ya ɗauke ni. Kafin in isa labon an ja ƙofa. Mai gadi ya leƙo ta taga ya ce sai Litinin.

Na tsaya a bakin titi da kwalbar a aljihu ina lissafi irin na mahauci. Daga Juma'a zuwa Litinin kwana uku ne. A garin nan naman da ya kwana ɗaya a waje, da safe kai kanka ba za ka so ka matsa kusa da shi ba. Wannan kuma ba na saniya ba ne, na Hajara ne, kuma ta ce sau ɗaya. Ban yi shawara da kowa ba, don a ganina babu wanda zai koya mini ajiyar nama. Na wuce kai tsaye wurin Hamadu, Bafulatanin Garwa da muke maƙwabtaka da shi a kasuwa, shi ke da babban konjelatar, firjin ƙanƙarar da muke ajiye abin da ya kwana. Na naɗe kwalbar a leda uku, na ture cinyoyin shanu gefe don kada su taɓa ta, na sa ta can ƙasa inda sanyi ya fi. Ranar Asabar aka ɗauke wuta. Ni da kaina na sayo fetur na tayar da janareta, na zauna a kan buhu ina sauraron ƙararsa har aka kawo. Hamadu yana ta tsokanata.

"Kai, Ɗanjuma, me ka ɓoye a ciki ne? Zinariya?"

"Ta fi zinariya. Ja bakinka ka yi shiru."

Litinin da sassafe na ciro ta ta yi tauri kamar dutse. Kafin in isa labo zafin aljihuna da na gari sun narkar da ita, aka karɓa ba wanda ya tambaye ni komai. Wallahi na dawo ina jin na yi abin kirki.

Bayan mako biyu muka koma ni da Balki karɓar sakamako, Hajara tana gida ba ta da ƙarfin hawa mashin. Likitar ta karanta takardar, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce mutanen labo sun kasa karanta komai, naman ya farfashe daga ciki, kuma abu ɗaya ne ta sani yake yin haka. Ta dube ni ta yi tambaya. Duk ƙarancin Faransancina na san kalmar da ta faɗa, kullum ina jin ta a bakin matan da ke sayen nama. Balki ta fara fassarawa, "Baba, tana tambaya ko an sa kwalbar a ƙan..." Na ce a'a. Da ƙarfi na faɗa. Likitar ta ɗaga kafaɗa ta ce to ko ma a ina aka yi, dole a ciro ɗayan, kuma kada a daɗe. Muka kama hanyar gida. Da muka shiga na gaya wa Hajara cewa gwajin ya lalace a wurinsu. Ban ce su suka lalata ba, amma ban ce ni ba ne, kuma na san yadda za ta ji shi.

"Sun yanke ni sun yi wasa da namana, yanzu in koma su ƙara? Allah ya isa tsakanina da 'yar gajeruwar nan. In mutuwa ce ta same ni a ɗakina."

Kwana goma ta yi a kan wannan maganar. Na lallashe ta, yayarta ta zo daga Bepanda ta lallashe ta, ta ce ba ta zuwa. Duk wanda ya shigo dubiya sai ta ba shi labarin likitar da ta lalata mata nama, ni kuma ina zaune ina gyaɗa kai. Tandar masa ta yi ƙura a bayan ƙofa. Ƙullutu na biyu ya fara sheƙi. Ina fita mayanka da asuba in dawo in tsaya a tebur, amma rabin hankalina yana gida. Sau biyu na yanki yatsana a makon nan, abin da ban yi ba tun ina saurayi.

A rana ta goma da la'asar sai ga Balki a kasuwa da kayan makaranta a jikinta. Ita da ba ta son ƙuda, ba ta taɓa zama a bayan teburina ba, ranar ta jawo benci ta zauna. Ta ɗauki ƙaramar wuƙata ta nuna wata cinya da ke gabana.

"Baba, wannan mene ne?"

"Tsoka. Karatun ne ya makantar da ke?"

"Wannan farin fa?"

"Kitse."

"Wannan mai tauri da ke tafiya har ƙashi?"

"Agara ce. Ajiye wuƙar nan kafin ki ji ciwo."

"Wannan mai kamar leda da ya lulluɓe shi?"

"Tantani. Wai jarrabawa kika zo yi mini?"

"Duk saniya ɗaya ce. Me ya sa ba su zama iri ɗaya ba?"

Na ce don kowanne da aikinsa. Tsoka ita ke jan ƙafa, agara ta ɗaure tsoka da ƙashi, kitse ajiya ne na ranar yunwa, tantani kuma rufi ne, yana raba wannan da wancan. Ta yi murmushi ta ce abin da suka yi wata guda suna haddacewa ke nan, malaminsu yana kiran kowane ɗaya tissu. Ta buɗe littafinta a kan gwiwa. Ta ce duk jikin mai rai da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. In ƙwayoyi iri ɗaya suka taru, suka jeru yadda aka tsara musu, suna aiki ɗaya tare, to wannan taron nasu shi ne tissu. Na tsoka daban, na kitse daban, na fata daban, na jijiyar da ke kai saƙo daga kai zuwa yatsa daban. Hanta ko huhu kuma iri-iri ne suka haɗu a wuri ɗaya. Ta nuna mini hotuna masu ruwan hoda da shuɗi. A hoton tsoka na ga layuka dogaye a jere, na gane su nan take. Silin nan ne da nake bi da wuƙa, wanda in ka yanka a kwance da shi nama ya yi tauri, in ka gicciye shi ya yi laushi. Shekara talatin hannuna ya san shi, ranar ce idona ya fara ganinsa.

Ta ce mutanen labo ba ɗanɗana naman suke yi ba, ba kuma shinshinawa ba. Suna fere shi ya fi ɓawon albasa siranta, su rina shi, su sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, su duba yadda ƙwayoyin suka zauna. In suna nan a sahunsu, lafiya. In sun cakuɗe, ko wasu baƙi sun shigo sun yi dandazo, daga irin zaman ake gane ciwon. Ruwan nan mai wari kuwa aikinsa ke nan, ya tsayar da kowace ƙwaya a inda take. A cikinsa nama sai ya yi wata a kan tebur bai ruɓe ba.

Tana cikin magana wata mata ta tsaya sayen nama. Ta danna cinyar da yatsa ta harare ni.

"Maigida, ba na konjele ba ne dai ko?"

"Haba Madam, na yau ne, da asuba aka yanka. Dubi jininsa."

Na auna mata ta tafi. Balki ta bi ta da ido, sannan ta tambaye ni, kamar ba komai, me ya sa mata ba sa son wanda ya kwana a ƙanƙara. Na fara yi mata bayani kamar yadda zan yi wa kowa. Na ce don in ya narke ruwa yake zubarwa, ya yi laɓo-laɓo, in ka danna yatsa ramin ba ya tasowa, in ka zo ferewa yagewa yake yi, ko a tsinke ba ya zama, ƙuli ba ya kama shi. Sanyin yana farfasa shi ne daga ciki. Da na faɗi wannan na ƙarshen sai na gane kalmar likita ce ta fito daga bakina. Balki ta ce a hankali, kowace ƙwaya akwai ruwa a cikinta, in ruwan ya daskare sai ya kumbura ya yaga ta, kamar kwalbar da aka cika aka manta a konjelatar. Na zauna a kan kututturen sara. Abin da ya fi cin raina shi ne ba jahilci ba ne. Na san abin da ƙanƙara ke yi wa nama fiye da kowa a asibitin nan. Ruɓa kawai nake tsoro, ban taɓa tunanin akwai mai bukatar naman da zamansa ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun a ofishin likita. Ka ce a'a ban gama fassara ba. Kuma Baba, kai ko ragowar miya ka gani sai ka ce a kai wa Hamadu."

"Kin gaya mata?"

"Ba ni zan gaya mata ba. Amma Mama ba wuƙar take tsoro ba. Ta daina yarda da su ne, kuma ba su yi mata komai ba."

Ta rufe littafinta ta tafi. Na tattara tebur tun rana ba ta faɗi ba.

Bayan magariba Hajara tana kishingiɗe a tabarma a baranda. Balki ta kwashe ku ta kai gidan maƙwabta kallon talabijin. Na zauna a bakin tabarmar na faɗa mata duka, daga masallaci har janareta, har a'ar da na ce wa likita. Ban yi wa kaina ado ba.

"A ƙanƙara," in ji ta.

"A ƙanƙara."

"Tare da shanu."

"A'a, na ware ki gefe. Leda uku na sa."

Sai ta fara dariya. Ta dafe wuya tana dariya tana cewa wayyo, har dariyar ta koma kuka, ni kuma ina zaune kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Da ta natsu ta share ido da bakin zane.

"Har fetur ka saya?"

"Har fetur."

"Shekara ashirin da wani abu ban taɓa ganin ka yi wa abu hidima haka ba. Ashe sai an yanko ni an sa a kwalba." Ta numfasa. "Kuskuren na yafe maka, Malam, don ni ka yi. Shirun ne ya yi mini ciwo. Kana zaune ina ja wa baiwar Allah Allah ya isa kwana goma, kana gyaɗa kai. Wannan haƙƙin a wuyan wa ka bar shi? Nawa wuyan bai ishe shi da abin da ke kansa ba?"

Ta ce za ta koma a yanka, amma da sharaɗi uku. Ni da ƙafata zan je in gaya wa likitar gaskiya in roƙar mata gafara, ba tare da Balki ta yi mini baki ba. Kwalba ta biyu Balki ce za ta kai, ni ko kallonta ba zan yi ba. Na uku, yara ba za su ji ba, don ba za ta zauna 'ya'yanta suna yi wa ubansu dariya a bayan ido ba. Wannan na ukun shi ne na karya yau, da izininta, ko da yake ta ce in bari sai ta tafi Bepanda kafin in ba ku ku karanta.

Sauran kun sani. Tarin fuka ne ya zauna mata a kaluluwar wuya, ta sha ƙwayoyi wata da watanni ta warke. Abin da ba ku sani ba shi ne yankan na biyu ya fi na farko zurfi, ya daɗe bai haɗe ba, kuma kusan wata guda da ta yi tana ƙuna da zazzaɓi ba magani, ni na jawo mata shi. Har yau in ruwa zai sauko wurin yana yi mata tsami. Ba ta taɓa goranta mini ba, ko a cikin faɗa, kuma kun san mun yi faɗa ba ɗaya ba.

Washegarin daren da na faɗa mata gaskiya ban ƙetare gada zuwa mayanka ba. Na sa kaftanina na Juma'a, na isa asibitin ba a buɗe ƙofa ba, na bi layi a cikin marasa lafiya ina maimaita kalmomin a raina. Da aka kira ni na shiga, na ƙi zama. Na ce, "Docteur, c'est moi. Congélateur. Trois jours." Wato ni ne, konjelatar, kwana uku. Na ɗaga mata yatsu uku don kada ta ce ba ta gane ba. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau, sannan ta tambaye ni sana'ata. Na ce boucher, mahauci. Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa don dariya. Na jira ta gama, na haɗa Faransanci da Pidgin da hannu na gaya mata matata ta zage ta kwana goma a kan laifina, tana roƙon ta yafe. Ta ce ta yafe, ta jawo littafinta ta rubuta Talata, ranar aikin. Na dawo gida na tarar da Hajara a zaune a bakin ƙofa, ta yi wanka ta ɗaura kallabi.

"Ta yafe?"

"Ta yafe. Talata ta ce."

"To, cire kaftanin nan ka ɗora mini koko. Yunwa nake ji."

Na cire na ɗora.